Murya na fita, hoto babu: yadda aka ceto talabijin ɗin gidan kallonmu a Agege

Talabijin ɗin gidan kallonmu ba rana ɗaya ya mutu ba. Inci 55 ne, na hannu, irin wanda ake ce wa tokumbo a nan Legas, Yayana ya sayo shi lokacin da muka buɗe rumfar a Agege. Asabar da Lahadi yana aiki tun daga wasan rana har na dare, Talata da Laraba ga gasar zakarun Turai, sauran lokaci kuma yaran unguwa na kallon fim.

Launi ne ya fara canzawa. Farar riga ta daina zama fara, ta koma shuɗi-shuɗi, fuskokin 'yan wasa suka yi wani irin toka. Bayan nan wasu ɗigon haske guda biyu suka fito ta hagu, faɗin kowanne ya kai yatsa biyu, ko me ake nunawa suna nan ba sa motsi. Sai ƙasan hoton ya fara dusashewa. Daga ƙarshe aka kunna shi wata Asabar, tambarin kamfani ya haska na ƙiftawar ido, ya ɗauke. Mai sharhi na ta zuba, ihun 'yan kallo na fitowa ta sifika, gilashi kuwa baƙi ƙirin.

Kafin a kira kowa akwai abubuwan da mai talabijin zai duba da kansa, kuma ba sa cin ko sisi. Da yawa daga laifin da ake ɗora wa talabijin na dikoda ne ko na waya. Na zare wayar HDMI na mayar da ita wata kafa, na sauya ta da wata, na ɗauko ƙaramin talabijin ɗin ɗakinmu na jona masa dikodar, hoto ya fito tas. To dikoda ta fita daga zargi. Na cire babban daga soket na bar shi ya huce, na danne maɓallin kunnawa na jikinsa na ɗan lokaci, na mayar. Ba canji. Sai na danna menu a rimot. Wannan gwajin ya fi sauran amfani, domin rubutun menu daga cikin talabijin yake fitowa, ba ruwansa da dish ko dikoda ko hadarin da ya haɗo. Idan hoto ya lalace amma menu ya fito garau, matsalar daga waje take shigowa, ko kuma kafar da take shigowa ce ta ƙone. Idan menu ma ya lalace ko ya ƙi fitowa, ciwon na ciki ne. Namu bai fito ba.

Mai gyaran da aka fara kawo mana ko sukuru ɗaya bai kwance ba. Ya kunna, ya kashe, ya bubbuga bayan, ya ce gilashi ya tafi, sabon gilashi kuma kuɗinsa ya kusa na sabon talabijin, amma zai taimaka mana ya sayi gawar. Rabin maganarsa gaskiya ne. Gilashi shi ne abu mafi tsada a jikin talabijin, in ya fashe magana ta ƙare. Sai dai namu ko ƙwarzane babu. Yaya ya ce masa za mu yi shawara. Da labarin ya kai wa Kawunmu mai sayar da goro, sai ya ce, "Kada ku kuskura ku sayar. Ku kai wa Malam na bayan masallaci, ku ce ni na turo ku."

Malam dattijo ne, ya fara da gyaran rediyo da tsofaffin talabijin masu ƙaton baya tun kafin a haife ni, da zamani ya juya ya juya tare da shi. Shagonsa bai fi ɗaki ɗaya ba, talabijin a jingine jikin bango kowanne an rubuta sunan mai shi da alli a baya. Muka gaisa, ya tambayi Kawu, ya saurari bayanina har ƙarshe bai katse ni ba. Da na zo kan shuɗin launi da ɗigon haske sai ya gyaɗa kai.

"Jona masa dikoda," ya ce wa yaronsa. "Ka turo ƙofar nan."

Shagon ya yi duhu. Ya karɓi wayata ya kunna tocila, ya kai ta dab da gilashin, a karkace ba a miƙe ba.

"Matso, ɗana. Me ka gani?"

Da farko fuskata kawai na gani. Sai da na sunkuya, na bi gefen hasken da ido, na hango inuwar mutum na gudu, ga lamba a bayan rigarsa, can kusurwa ga ɗan akwatin da ke nuna ci da minti. Duk inda ya matsar da tocilar, hoto na nan a ƙarƙashinta yana motsi.

"Gilashinku lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Wuta ce aka ɗauke masa a ciki."

Gilashin irin wannan talabijin, wato LCD, ba ya haske da kansa. Aikinsa tare haske da buɗe masa hanya. An raba shi ƙananan ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, sama da miliyan 2 ke nan, kowane ɗigo da ja da kore da shuɗi a cikinsa, kowanne yana buɗewa ko rufewa gwargwadon umarnin da aka ba shi. Hasken da ke ratsa su daga fitilun LED yake zuwa, waɗanda aka jera a baya. In fitilun suka mutu, gilashi zai ci gaba da zana hotonsa a cikin duhu, abin da tocila ta nuna ke nan. Mu duk talabijin mai faɗi filasma muke ce masa, amma filasma ta gaskiya manyan kamfanoni sun daina ƙera ta tun wajen 2014, kuma ita da wani irin talabijin da ake kira OLED kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, don haka gwajin tocila ba ya aiki a kansu. Wanda ke hannun yawancinmu dai LCD ne mai fitilun LED, kuma a kansa wannan gwaji na minti ɗaya yana wanke abubuwa uku a lokaci guda: babban bod (bod shi ne allon da aka dasa wa ƙananan kayan lantarki), ƙaramin bod mai sarrafa hoto, da gilashin kansa. Abin da ya rage a zarga biyu ne, ko fitilun ko bod ɗin da ke ba su wuta.

Aka shimfiɗa bargo a kan tebur, aka kifa talabijin a kai. Yaron ya kwance sukurun baya yana zuba su a murfin gwangwani, Malam ya bi gefe da wani ɗan faifan roba yana ɓalle maƙalan. Na zaci zan ga kaya cunkus, ashe cikin kusan fili ne: farantin ƙarfe, bod guda uku, sifika biyu, da 'yan wayoyi. Wanda wayar soket ke shiga shi ne bod ɗin wuta, shi ke karɓar bolt 230 na gari ya rarraba shi ƙanana. Wanda kafofin HDMI da USB ke jikinsa shi ne babban bod, can murya da menu da rimot suke. Ƙaramin da ke tsakiya ƙarƙashin murfin ƙarfe, mai faffaɗan wayoyi biyu, wato ribon, da suka nufi gilashi, shi ne mai sarrafa hoto, ana kiransa T-con. Ƙura ta yi kauri a kansu, kuma ba busasshiyar ƙura irin ta Arewa ba, wadda ta sha laimar Legas ta manne, har bakin wasu sukurun ya yi tsatsa.

Na kai hannu zan nuna wani abu, Malam ya riƙe min wuyan hannu.

"Ba a taɓa nan. Ka ga wancan baƙin mai kama da batir? Kafasito ne. Ko an zare soket yana riƙe da sama da bolt 300."

Ya ɗauko ƙwan fitila mai wayoyi biyu ya taɓa ƙafafunsa, ƙwan ya yi ja ya mutu. Sai a lokacin ya fara taɓa bod ɗin. Duk wanda zai buɗe talabijin a gida don ya ga an yi a bidiyo, wannan wurin ne ake jin ciwo, kuma ba kowane bidiyo ke nuna shi ba.

Ya duba ƙananan kafasito ko akwai wanda kansa ya kumbura ko ya zubar da ruwa, babu. Ya shinshina bod ɗin, ya juya bayansa yana neman inda dalma ta tsage. Sannan aka mayar da wuta ya ɗauko mita. A gefen soket ɗin da ke haɗa bod ɗin wuta da babban bod an rubuta abin da ya kamata kowace ƙafa ta bayar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: wutar jiran kunnawa tana nan, bolt 12 na nan daram. Ya mayar da tsinken mitar kan wayar da ta ratsa farantin ƙarfe ta shiga wajen fitilu, ya ce in danna rimot. Lambar ta yi tsalle ta haura sama da 200, ta tsaya kamar daƙiƙa ɗaya, ta gangaro. Ya ce in sake, ta sake yin haka.

"Bod na ƙoƙarinsa," ya ce. "Yana tura wuta, ba ya samun mai karɓa, sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Wannan haskawar da kuke gani kafin ya ɗauke, ita ce."

Muna jiran yaron ya share wani teburin da za a ajiye gilashi, na tambaye shi sauran talabijin da ke jingine. A nan na fi ƙaruwa, don kusan kowanne cutarsa daban. Ya kunna wani inci 43: gilashi ya yi haske toka-toka, murya na fita, hoto babu. Ya ce wannan kishiyar namu ne, fitilu na ci amma ba a aiko wa gilashi komai, kuma abin da ake fara dubawa wani ɗan mitsitsin fis ne a bakin T-con, in bolt 12 ya shiga ta gefe ɗaya bai fita ta ɗayan ba, an kama ɓarawo. Wani kuma hotonsa ya juye, fari ya koma baƙi, fuskar mutum ta yi ruwan azurfa, shi ma yawanci T-con ne ko ribon ɗin da ke zuwa masa daga babban bod. Waɗannan masu sauƙi ne.

Masu wuyar su ne masu layi. Ya nuna min wani mai siririn layi kore daga sama har ƙasa, ya danna menu, layin ya ratsa ta kan rubutun. Ya matsa firam ɗin da babban yatsa daidai saitin layin, ya ɓace, ya saki ya dawo. A gefen gilashi akwai wasu 'yan kunnuwa na leda mai ruwan ƙasa, kowanne da ƙaramin IC a kansa, an manna su da wani gam na musamman da zafi da matsi, ba da dalma ba. Laima da zafi na ɗaga su a hankali, haka ma ruwan da ake fesa wa gilashi a goge, yana gangarowa ya taru a ƙasan firam daidai inda suke. Wannan ba aikin hannu ba ne, sai inji, kuma ya ce shi Alaba, kasuwar kayan lantarki, yake tura irinsa. Akwai kuma wanda hotonsa ke rawa yana ninkuwa biyu, layuka na tafiya a kwance. Wannan cutar a cikin gilashin take. Masu gyara kan liƙa ɗan salatif a kan wasu ƙafafun ribon su toshe layin da ya lalace, hoto ya dawo. Ya ce dabara ce mai aiki, wani ya shekara wani ya yi wata, amma duk mai gyaran da ya yi ta ya karɓi kuɗin sabon bod ya ci haram.

Fitilu ba a kai musu ta baya. Dole a juyo talabijin a cire gilashin gaba ɗaya, kuma a nan ne ake asarar talabijin da yawa, shi ya sa wasu masu gyara ke gudun aikin su ce gilashi ya tafi. Malam ya ɓalle ribon biyun daga T-con, ya saki dogayen siraran bod ɗin da ke rataye a ƙasan gilashi, ya naɗo su a hankali ya ɗora su a fuskar gilashin ya kama da salatif na takarda, don kada nauyinsu ya ja kunnuwan nan su yage. Aka cire firam. Ya sa yaron ya wanke hannu, ya kashe fankar shagon, ya ce ni in koma bakin ƙofa kada kowa ya shigo. Gilashin inci 55 kaurinsa bai kai milimita 2 ba. Da suka zura yatsu ta gefe da gefe suka ɗaga, sai na ga tsakiyarsa ta lanƙwasa tana lilo. Ba wanda ya yi magana. Suka taka a tare, taku huɗu ko biyar, suka kwantar da shi a ɗaya teburin. Yaya da ke waje yana leƙe ya ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfi, Malam ya yi dariya ya ce saura mayarwa.

Ƙarƙashin gilashi akwai wasu fararen faifai na roba, sirara a sama, mai kauri a ƙasa, su ke baza haske ya zama bai ɗaya. Ya ɗauke su a tare bai raba ba, ya sa ɗigon biro a kusurwar dama ta sama. Ya ce in aka juya ɗaya ko aka sauya jerinsu, hoto zai yi duhu ko ya yi dabbare-dabbare, kuma ba za ka gane ba sai ka gama ɗaure komai. Ya ɗage farar takardar da ke shimfiɗe a ƙasa, sai ga fitilun: layi 5 a kwance, kowane layi ƙwai 10, kowane ƙwai da 'yar hular roba a kansa. Huluna biyu sun faɗo suna kwance a ƙasan akwatin. Su ne ɗigon hasken nan biyu na hagu, domin hular ce ke watsa hasken gefe, in ta faɗi sai ƙwan ya harba shi kai tsaye cikin gilashi. Zafi ne ke busar da gam ɗin da ya riƙe ta.

Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai tsinke biyu, ja da baƙi, wadda ke kunna fitilun ba tare da bod ba, tana kuma nuna bolt nawa suka ja. Kowane ƙwai bolt 3 yake ci, don haka lafiyayyen layi zai nuna kusan 30. Layin farko ya kama, amma hasken shuɗi ne har da ɗan shunayya. Na biyu ma haka. Na uku ya kama, ƙwai ɗaya a tsakiya bai ci ba, na'ura ta nuna 27. Na huɗu ko ƙyas, lambar ta tsaya can sama ba ta sauko ba. Ya bi ƙwayayen layin ɗaya-ɗaya har ya iso wanda ya ƙi, ya ɓalle hularsa da farce: tsakiyarsa ta ƙone ta yi baƙi, allon da ke kewaye ya yi ruwan ƙasa.

"Wannan ɗayan ne ya kashe muku kasuwa," in ji shi. "Jere suke a zare ɗaya kamar carbi. In zaren ya tsinke a wuri guda, duka sun tafi."

Shuɗin launin ma a nan na gane dalilinsa. Farin LED asalinsa shuɗi ne, an shafa masa wani sinadari ruwan ɗorawa a sama, haɗuwar biyun ke ba da fari. Shuɗin LED ɗin nan shi ne ya sa aka ba wasu masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. In ƙwai ya daɗe yana gasuwa, shafen na ƙonewa ya bare, shuɗin ya fito fili. Na duba da kyau, a wasu ƙwayayen ɗorawar ta koɗe har ana ganin cikinsu. Ashe tun ranar da farar riga ta fara sauya launi fitilun ke sanar da cewa sun gaji.

Malam ya ce hanya biyu ce. Zai iya cire ƙwai biyun da suka mutu ya dasa wasu daga tsofaffin layukan da ke shagonsa, ya manna hulunan, mu ɗauki kayanmu yau, kuɗi kaɗan. Ko kuma a sauya layukan gaba ɗaya. Yaya ya karkata ga ta farko saboda akwai wasa washegari.

"Alhaji, ni ba zan hana ka ba," Malam ya ce masa. "Amma sauran 48 ɗin tare aka haife su da waɗannan, wahala ɗaya suka sha. Za ka dawo, kuma duk dawowa sai an ɗaga gilashin nan. Ni ɗagawar nake tsoro, ba aikin ba."

A ganina wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a duk gyaran. Faci yana da wurinsa, in talabijin ƙarami ne na ɗaki kuma sauran fitilun farare ne tas. Amma wanda duk layukansa sun koma shuɗi, faci sayen 'yan makonni ne kawai, launin ma ba zai gyaru ba. Muka ari talabijin ɗin wani maƙwabci don wasan washegari, ni kuma aka ba ni aikin zuwa Alaba.

Malam ya ɓanɓaro layi ɗaya cikakke, wanda ashe guda biyu ne aka haɗa a tsakiya, na hagu da na dama, ya naɗe min a jarida. Ya sa na ɗauki hoton lambar da aka buga a jikin layin da kuma takardar da ke manne a bayan farantin ƙarfe. Ya ce sunan da ke gaban talabijin ba shi ake saye da shi ba. Kamfanonin da ke ƙera gilashin ba su da yawa, irin su BOE da AUO da Innolux, su ke sayar wa masu haɗawa, har Samsung ma ta daina ƙera gilashin LCD nata a 2022. Talabijin biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya kan iya zuwa da fitilu daban.

Daga Agege na bi ta Iyana Ipaja da Igando na sauka Iyana Iba, daga nan na ƙarasa Ojo. A lokacin Alaba biyu ce a yankin: Alaba Rago ta 'yan uwanmu masu dabbobi da kayan abinci, da babbar kasuwar kayan lantarki. Tun daga bakin hanya samari za su tare ka suna tambayar me kake nema, kowa na cewa shagonsa ne, alhali kai ka za su yi su ɗora nasu a kan farashi. Na wuce su na shiga layin masu kayan gyara, inda ake rataye layukan fitila dami-dami. Mai shagon farko ya duba ya kawo min wanda tsawonsa ya yi daidai, yana cewa, "Alhaji, shi ne, ɗauki." Na jera shi da nawa a kan kanta, tazarar ƙwayayen ba ta zo ɗaya ba, ba za su faɗa ramukan farar takardar ba. Wani ya kawo mai ƙwai bolt 6 a maimakon 3, a ido ba bambanci, sai an ɗora na'ura. Akwai kuma waɗanda aka ciro daga fasassun talabijin, suna da araha, amma ba ka san shekarun da suka yi suna ci ba. A ƙarshe na samu sababbi masu lamba iri ɗaya, bayansu alminiyam ne mai ɗaukar zafi, ba allo kawai ba. Na sa aka kunna min kowane guda a gabana, na duba farin ya zo ɗaya, na girgiza hulunan da yatsa, aka rubuta min rasit. Dawowa da su a danfo ya fi sayensu wuya, don a tsaye na riƙe kwalin tsakanin gwiwoyina kada wani ya zauna a kai.

Ɗaurawar ba ta da wani labari mai yawa. Malam ya kankare tsohon gam, ya goge farantin da sifirit, ya manna sababbin ya bi su da yatsa yana dannawa, domin farantin ne ke shanye zafinsu, in akwai iska a tsakani ƙwan wurin zai riga sauran mutuwa. Kafin ya rufe ya jona bod ya kunna su tsirara, duka 50 suka kama, fari har ba a iya kallo, ya bar su suna ci muka je muka yi sallar la'asar muka dawo. Sannan takarda, faifai bisa ɗigon biro, gilashi, firam.

Aka kunna. Hagu hoto ya fito, kore shar, fari fat. Dama kuwa daga tsakiya zuwa ƙarshe fari ne da layuka a tsaye. Cikina ya ɗuri ruwa, na ce shi ke nan an yaga kunne. Malam ko a jikinsa. Ya zare soket, ya ɓalle ribon ɗin dama daga T-con, ya goge ƙafafunsa masu ruwan zinariya da abin goge fensir, ya hure, ya mayar da shi a miƙe har layin da aka zana a jikinsa ya yi daidai da bakin maƙalin, ya danne. Aka sake kunnawa, hoto ya cika gilashi. Ya ce rabin gilashi kowanne da ribon ɗinsa, in ka ga lalacewa ta tsaya cak a tsakiya bayan an buɗe talabijin, nan za ka fara dubawa kafin ka ɗora hannu a ka. Ya sa farin hoto ta USB, muka bi kusurwa-kusurwa muna neman inuwa ko ƙwayar ƙura da ta maƙale a ciki. Akwai ɗan tabo guda can ƙasa ta dama wanda sai ka san da shi za ka gani, muka bar shi, bai kai a sake ɗaga gilashi ba.

Kafin ya ɗaure bayan ya karɓi rimot ya shiga saitin hoto. Hasken fitilun baya na kan 100, a tsarin da ake sa wa talabijin a shagon sayarwa don ya ɗauki ido. Ya sauke shi zuwa 60. Wannan saitin daban yake da wanda ke ƙara wa hoto fari, shi kai tsaye yake rage wutar da ke shiga fitilu. Bai tsaya nan ba, ya nuna min wasu ƙananan rezisto a jere a bod ɗin wuta, ya ce su ke ƙayyade yawan wutar da fitilu ke ja, ya ɗaga guda ɗaya da bakin ayan ɗin narkar da dalma. Ko wani ya mayar da saitin sama, ba za su ƙara shan wutar da suka sha a da ba. Ya tambayi yadda muke sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, Yaya ya ce kai tsaye, talabijin na kunne. Ya ce mu daina: a kashe shi, a tayar da inji ya daidaita, sannan a kunna, a kuma sa masa abin da ke jinkirta wuta in an kawo ta. In hadari ya taso da tsawa, ba soket kaɗai ake zarewa ba, har da wayar dish, don ta nan take bi ta ƙone kafar HDMI.

Kuɗin fitilu da na mota da ladan Malam duka ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabo ba. Ya ce in wani abu ya taso cikin wata uku mu dawo da shi ba sai mun biya aiki ba. Da muka mayar da shi rumfa wasu 'yan kallo sun yi ƙorafin wasan rana bai kai na da haske ba, sai muka rataya tamfol a gefen da rana ke shigowa. Yaya ya sa kafinta ya ƙara katako a bayan maratayin, aka samu tazarar tafin hannu tsakanin talabijin da bangon kwano, muka juya fanka ɗaya tana hura bayansa. Rimot kuwa yanzu a aljihun Yaya yake kwana, saboda yaran da suka gano inda ake mayar da hasken 100.